Babi na Shida: Tsohuwar Roka da Sabon Inji

Idan kaka ta yi a gabashin Birnin Gwari, aka shiga casar masara a Kuyello da Tabanni da Kutemeshi da Dogon Dawa, abin da manomi ke nema bayan buhu da zare shi ne mota. Ba kowace mota ke shiga ba. Hanyoyin da suka haɗa ƙauyukan yankin da titin Funtuwa galibinsu jar ƙasa ce, damina ta zaizaye ta ta bar ramuka da kwazazzabai, ga mashigan rafi da sai direba ya sauka ya duba kafin ya jefa taya. Tirela a bakin kwalta take tsayawa. Masu kutsawa su ɗauko kaya su kai kasuwar Dandume ko Funtuwa su ne tsofaffin roka masu bodin katako, da Kanta, da akori-kurar Fijo wadda sau da yawa ta girmi mai tuƙa ta.

Duk wanda ya duba irin wannan roka da idon bakanike zai gane ba mota ɗaya ba ce. Kan na wata ne, shasin na wata. Injin ya ƙetaro teku a cikin kwantena, giyabos ɗin an ciro shi daga motar da ta faɗi, bodin kuwa kafinta ne ya buga shi da katakon da wataƙila daga dajin nan aka yanko. Kamfanin Mercedes bai taɓa ƙera wannan motar ba a yadda take yanzu. Kanikawa da masu walda ne suka ƙera ta, kuma aikinsu ya cancanci a yi maganarsa da mutunci, a kuma faɗi inda yake da haɗari.

Asalin motar dai daga Jamus take. A 1959 Mercedes ya fito da jerin manyan motoci masu gajeren hanci da zagayayyen goshi, kuma a cikinsu ne aka sami wadda ake kira 911. Lambar tana da ma'ana: 9 na nufin nauyin motar da kayanta gaba ɗaya tan 9 ne, 11 kuma na nufin ƙarfin injin ya kai na doki 110 ko kusa da haka. Daga 1964 aka riƙa sa musu injin gas mai silinda 6 da ake kira OM352, mai cin lita 5.7, inji marar kwamfuta, marar wayoyi masu yawa, wanda bakanike mai sifana da haƙuri zai iya wargazawa a gindin bishiya ya mayar. A 1980 aka buɗe kamfanin Anammco da ke Enugu don harhaɗa motocin Mercedes a cikin gida. Shekarun nan ne Najeriya take ganin ta kama hanyar ƙera motarta: Peugeot a Kakuri cikin Kaduna da Volkswagen a Legas sun fara aiki a 1975, sannan ga Steyr a Bauchi, ga Leyland a Ibadan, ga masu harhaɗa Fiat a Kano. Ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi yana iya shiga ya fito da mota sabuwa dal.

A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta saki naira a kasuwar canji. Dalar da a farkon shekarun 1980 ba ta kai naira ɗaya ba ta koma naira 3 zuwa 4, kuma tun daga nan ba ta waiwayo ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mai sufurin karkara. Kamfanonin suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Peugeot 504, wadda Faransa ta daina yin ƙaramarta tun 1983, ta ci gaba da fitowa daga Kakuri har tsakiyar shekarun 2000, sannan ita ma ta tsaya. Abin da ya cike gurbin shi ne kayan Beljiyam, wato tsofaffin motoci da injuna da ake lodowa daga tashoshin ruwan Turai, musamman Antwerp, su sauka a Kwatano ko Legas, su bi ta kasuwanni irin su Ladipo, su iso Panteka a Kaduna da Kofar Ruwa a Kano. Mai roka ya daina tunanin sayen wata motar. Ya koma tunanin yadda zai raya wadda ke hannunsa.

Sayen inji shi ne ɓangaren da kowa ke so, kuma a nan ne ake kashe kuɗin. Mai mota ba ya zuwa shi kaɗai, da bakanikensa yake tafiya. A rumfar mai kaya injuna ne jere a ƙasa a kan tsofaffin tayoyi, baƙin mai ya rine wurin. Bakaniken zai fara buɗe murfin mai ya leƙa, ya shafo da yatsa ya murza ko zai ji yashin ƙarfe. Zai sa sifana ya juya karanshaf, yana sauraron yadda injin ke turjewa, domin injin da ke juyawa sakwaf ba shi da matsi. Sannan a jawo batir, a tsoma tiyo cikin galan ɗin gas, a tayar da shi nan a ƙasa yana tsalle a kan taya. Hayaƙi ake kallo. Shuɗi yana nuna yana ƙona baƙin mai, ringi sun gaji. Baƙi ƙirin matsalar nozul ce ko injekta, wannan da sauƙi. Fari mai yawa da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, a yi hattara, ruwa na iya shiga inda bai kamata ba.

"Alhaji, wannan bai taɓa shan ƙurar Najeriya ba," in ji mai kaya.

Bakaniken ba zai tanka ba. Zai duƙa ya duba kawunan notuna ko sifana ta taɓa cin su, ya duba gefen gasket ko akwai sabuwar gam. Akwai masu wanke injin da ya gama wahala a nan gida su fesa masa fenti su jera shi cikin na Beljiyam, kuma araha ba ta ado. In an daidaita, a ba da garantin 'yan kwanaki, a ɗora inji a bayan akori-kura.

Shasi ba ya samun wannan kulawar, alhali shi ke ɗauke da komai. Siffarsa kamar tsani ne a kwance: dogayen ƙarafa biyu daga hanci zuwa wutsiya, da gajeru da suka gitta suka haɗa su. Kowane dogon ƙarfe yana da bango a tsaye da leɓe biyu, na sama da na ƙasa. Idan aka yi lodi, leɓunan nan ne ke shan wahala, ɗaya ana matse shi, ɗaya ana jan sa, tsakiyar bangon kuwa kusan hutawa take. Shi ya sa masu ƙera manyan motoci ke gargaɗin kada a huda leɓen shasi, kada a yi masa walda, in za a huda a huda bango. Kuma da gangan aka haɗa ƙarafan da ƙusoshi maimakon walda, domin shasin babbar mota an yi shi ne ya murɗa kaɗan ya dawo. Idan tayar gaba ta dama ta faɗa rami ta baya ta hagu tana kan tudu, murɗawar nan ce ke hana shi karyewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa bodin katako ya dace da hanyoyinmu: katako yana bin shasi ya lanƙwasa, yana ƙara yana kuka amma yana tafiya.

A garejin da aka san aiki, ranar da za a sauya shasi ko a gyara shi sai an tuɓe motar tsirara. A kwance bodi a ɗaga shi a kan ganguna. A rataya cen-bulok a reshen bishiya ko a kan ƙarafa uku da aka kafa, a ɗaure kan motar da sarƙa, yara biyu suna ja, ɗaya yana ƙasa yana lura da wayoyi da bututun birki kada a tsinka. Inji da giyabos su biyo baya. Abin da ya rage sai ƙarafa da tayoyi. A wanke da gas, a goge da burushin waya, sai tsagar da laka ta ɓoye shekara da shekaru ta bayyana, siririya, galibi a bayan kai inda bodi ya fara, ko a jikin maratayin sifirin na baya. Daga nan maigidan garejin ya ɗauko zare. Ya kafa bakinsa a kusurwar gaba ta dama, yaro ya ja zuwa kusurwar baya ta hagu, a ƙulla alama. A juya a auna ɗaya gicciyen.

"Oga, wannan ya fi da yatsa biyu."

"Sake ja. Ka miƙe shi sosai."

In an sake an sami haka, shasin ya karkace, kuma motar da aka ɗora a kansa za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya ta gefe ɗaya har ranar da za a gaji da ita. Wani lokaci ana iya jan sa da jak da sarƙa ya dawo. Wani lokaci gaskiya ita ce a nemo wani, daga motar da kanta ya lalace amma ƙashinta lafiya lau. Zaren nan da ba a sayen sa ko naira ɗari yana yanke hukuncin da ya fi na sauraron inji muhimmanci.

Gyaran tsaga ma yana da ƙa'ida, kuma tsofaffin masu walda sun san ta ko da ba su karanta a littafi ba. A huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a fafe ta da garanda, a cike da walda, sannan a shimfiɗa faranti ta ciki a ɗaure da notuna ta jikin bango. Bakin farantin ba a yanke shi a miƙe, a fiƙe ake yi, domin ƙarfin ya ragu a hankali. Wanda ya manna faranti mai kauri ya zagaye shi da walda ta ko'ina ya sandarar da wuri ɗaya, kuma shasin zai sake tsagewa daidai inda farantin ya ƙare. Haka in za a ƙara wa shasi tsawo don bodi ya ɗauki ƙarin buhuna, a karkace ake yanka, kuma ba a sa mahaɗin ɓangarorin biyu a wurin da nauyi ya fi taruwa.

Zaunar da inji ya danganta da abin da aka sayo. Idan OM352 aka cire aka kawo OM366, wanda ya gaje shi a 1984 kuma ya ɗan fi shi girma, aikin da sauƙi, 'yan gida ɗaya ne. Idan kuwa injin wani kamfani ne, kamar yadda wasu ke sa wa akori-kurar 504 injin Toyota ko Nissan a madadin nata mai cin kusan lita 2, to komai sai an sake shawara da shi. Mazaunin inji sai an ƙera sabo. Bakin giyabos sai an yi masa faranti, ko a kawo injin da nasa giyabos ɗin. Farfela sai an yanke ko an ƙara, kuma farfelar da aka yi wa walda ba a daidaita nauyinta ba tana kaɗa mota, ta cinye kuros, wata rana ta tsinke a kan gudu. Dole layin inji da na aksil ɗin baya su dace, in ba haka ba kaɗawar ba za ta daina ba ko an sauya kuros goma. Lagireto dole ya isa sabon zafin. Injin gas ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, don haka wanda ya sauya bai taɓa haƙoran aksil ba zai ga mota tana ihu ba ta tafiya. Bakaniken da ya warware waɗannan duka, babu zane babu littafi, injiniya ne, ko da bai taɓa zama a aji ba.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A Amurka, a kudancin Kalifoniya, samarin shekarun 1930 sun riƙa sayen tsofaffin Ford masu araha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su sa injin V8 da Ford ya fito da shi a 1932, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave su yi tsere. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka dawo da ilimin kanikanci, abin ya bunƙasa, aka kafa mujallar Hot Rod a 1948, Wally Parks ya kafa ƙungiyar tsere ta NHRA a 1951, sannan ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955 ya zama injin da kowa ke dasawa. Su nishaɗi da gasa suka kai su, mu neman abinci. Amma akwai abin da suka koya da wuri wanda ya shafe mu. Ford bai fara sa birki mai aiki da mai ba sai 1939, kafin nan sanduna da wayoyi ke jan birkin. Wanda ya dasa babban inji a motar 1932 ya gane ba zai iya tsayar da ita ba, don haka ya zama al'ada a ciro birkin motocin 1939 da 1940 a sa, a kuma rufe buɗaɗɗen gefen shasin da faranti don ya jure. Inji da shasi da birki tare suke sauya su. A Sudan ma, inda dubban Hausawa suka zauna tun zamanin tafiya hajji ta ƙasa, maƙera sun mayar da Bedford TJ ta Ingila wata mota dabam da suke kira sifinja, suna wargaza ta su ƙarfafa shasin su sake ginawa don hamada. Masanin Jamus Kurt Beck ya yi nazarin aikinsu, har aka yi fim a kai a 2009.

A nan ne nake da magana da masu motocinmu. Buhun masara kilo 100 ne. Rokar da aka yi wa iyaka da tan 9 har da nauyin jikinta, kayan da aka yi ta dominsu ba su wuce buhu 50 zuwa 60 ba. Wanda ya ɗora buhu 100 ya ɗora tan 10 na kaya zalla. Don motar ta ɗauka, sai a ƙara ganyen sifirin, a ƙara tsawon bodi, a kawo inji mai turbo da zai ja ta a hawa. Duk an biya kuɗin waɗannan da daɗin rai, domin suna dawo da kuɗi. Duram ɗin birki kuwa shi ne dai na 1980, layinin birkin a sayi mafi araha, bututun ya yi tsatsa a naɗe shi da roba. Lissafin ba shi da wuya: idan nauyi ya ninka, aikin birki ya ninka, idan gudu ya ninka, aikin birki ya ninka sau huɗu. Birki yana mayar da gudu zafi ne, kuma duram ɗin da ya yi zafi fiye da kima yana daina kamawa, direba yana takawa mota tana tafiya. Ranar kasuwa kuma ba buhuna kaɗai ke sama ba. Akwai mata da yara da 'yan dako zaune a kan lodi.

Na san dalilin da ya sa direban wannan yanki yake son inji mai ƙarfi, kuma ba na raina shi. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi dajin Kamuku da Kuyambana, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da ta Funtuwa sun zama wuraren da ake bi da rakiyar jami'an tsaro ko da addu'a kawai. Motar da ta mutu a tsakiyar daji ba asarar yini ba ce, tana iya zama asarar rai ko ta dukiyar dangi gaba ɗaya. Direban da ya ce a sa masa injin da ba zai yi tari a hawa ba yana da hujja. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Uba Sani ta yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci suka ƙaru a hanya. Amma motar da aka gina don ta gudu daga mai bindiga ita ce dai za ta gangaro cikin gari da yamma, lokacin da yara ke fitowa daga Islamiyya. Bakanike yana da ikon da bai cika amfani da shi ba. Zai iya cewa, "Alhaji, ba zan ɗaura wannan injin ba sai mun buɗe ƙafafun nan huɗu." Akwai masu faɗin haka, kuma su ne ya kamata ƙungiyar kanikawa ta NATA ta sa a gaba a matsayin abin koyi.

Sai batun takarda. A wurin hukuma, lambar shasi ita ce motar. Wanda ya sauya shasi ya sauya mota, ko da kan da fentin da rubutun goshin suna nan yadda suke, don haka takardun da za su yi aiki na shasin da aka kawo ne, kuma dole a san daga inda ya fito. Wanda ya sauya inji ya kamata ya riƙe rasiɗin mai kaya mai ɗauke da lambar injin, ya kai a gyara a ofishin lasisi. Mutane suna ganin wannan wahala ce kawai, har ranar da jami'in VIO ko ɗan sanda zai duƙa ya goge lambar da tsumma ya ga ba ta yi daidai da takarda ba. A yankin da aka sha sace motoci da babura, mai gaskiya yana bukatar abin da zai raba shi da ɓarawo.

Akwai wata takardar kuma da babu hukumar da ke tambaya, amma rashinta yana cin kuɗi kullum. Motar da aka harhaɗa daga motoci huɗu ba ta da littafi. Sanin abin da ke cikinta yana kan mutum ɗaya, bakaniken Kaduna ko Funtuwa da ya haɗa ta. Idan kulocinta ya ƙone a Kuyello, bakaniken garin zai sauke giyabos, ya ciro farantin, a sa a buhu, karen mota ya hau babur ya nufi Funtuwa. In ba a samu ba ya wuce Zariya ko Panteka, yana bin rumfuna ana gwada tsohon da sabo da ido, ana ƙirga haƙora da yatsa. Mota tana zaune, masara tana jiran ruwan bazata ko faɗuwar farashi. Da wanda ya haɗa ta ya rubuta a kati ɗaya irin injin, da irin giyabos, da motar da aka ciro aksil da birki daga jikinta, da tsawon farfela, aka ajiye katin tare da takardun mota, da kiran waya ɗaya ya isa a ɗoro kayan a motar kasuwa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da hukumar ilimin fasaha ta NBTE sun riga sun fara aiki da masu sana'a na Panteka don ba su shaidar ƙwarewa. A cikin abin da za a koya wa yaran da ke tasowa a garejin, kusa da auna gicciyen shasi da buɗe ƙafafun birki, ya kamata a sa cike wannan katin kafin mota ta bar gareji.